Kafin Ka Kafa Allon Talla, Wa Zai Riƙa Kula Da Shi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu domin in yi magana a kan sana'ar da nake neman halalina da ita yau shekara 11, wato kafa allunan talla masu haske da gyaransu, irin waɗanda ake gani a zauren banki, da harabar otal, da ɗakin jira na asibiti, da tagogin manyan kantuna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda ake ta kwarzanta waɗannan alluna ga 'yan kasuwa, ana cewa da zarar ka kafa ɗaya ciniki zai buɗe, ka shiga sahun 'yan zamani. Mai sayarwa labarin ranar da za a kunna allon kawai yake bayarwa. Ni kuwa ana kirana ne bayan wata shida ko shekara, lokacin da ɗoki ya lafa, kuma abin da nake tararwa a lokacin shi nake so masu karatunka su ji kafin su zuba kuɗinsu.

Kada a ɗauka ina kushe abin da nake rayuwa da shi. Ina son aikin nan, kuma na ga amfaninsa. Na ga kamfani mai rassa 20 ya canza sanarwa a dukkansu cikin minti biyar daga kwamfuta ɗaya, abin da a da sai an buga takardu an aika an manna. Na ga zauren da ake cunkuso da hayaniya ya natsu saboda kowa yana ganin lambarsa a allo, ya san yaushe layi zai zo kansa. Ciwon da nake ji shi ne ganin abu mai amfani irin wannan yana zama asara a hannun mutanen kirki saboda ba wanda ya zaunar da su ya faɗa musu gaskiya.

Wata rana da azahar wani bawan Allah mai sayar da agoguna da tabarau ya kira ni, murya cike da damuwa, wai allon da ya sa a tagarsa ya kamu da ciwo. Da na isa na gani da idona: wani baƙin tabo ne a tsakiyar hoton, kamar an ɗiga tawada a kan farin ƙyalle, yana yaɗuwa a hankali har ya cinye rabin agogon da ake nunawa. Na ɗora tafin hannuna a kan gilashin, ban iya barinsa na ƙirga biyar ba saboda zafi. Ya ce, "Malam, abin da ke ɗaure min kai, da yamma sai ya warke da kansa, gobe kuma ya dawo." Na zagaya baya na karanta takardar da ke manne a jikinsa. Talabijin ce ta falo, inci 55, irin wadda ake kallon labarai da ita, aka juya ta a tsaye aka matsa ta jikin gilashin da rana ke duka tun hantsi.

Na ce masa, "Alhaji, ba ciwo ba ne, dafuwa take yi." A cikin allon LCD, wato irin na wannan talabijin, akwai wani siririn ruwa mai ƙwayoyi da ke jere kamar sahu, su ne ke juyawa su bar hasken fitilar baya ya wuce ko su tare shi. In zafi ya kai wajen digiri 70, sahun nan sai ya watse, wurin ya yi baƙi ƙirin. In ya huce sai su koma matsayinsu, shi ya sa yake ganin kamar ta warke. Amma duk ranar da aka maimaita haka ana ƙara raunana ta, har ranar da tabon zai zauna daram. Allon da aka ƙera domin taga an yi shi da ruwan da ke jure zafi har digiri 110, ga fankoki a ciki suna fitar da iska.

Zafi ma ɗaya ne daga cikin bambance-bambancen. Ana auna hasken allo da wani ma'auni da ake kira nit, kuma wannan ita ce lambar farko da ya kamata mai saye ya tambaya, tun kafin ya tambayi inci nawa. Talabijin ta gida ta yau da kullum tana bayar da nit 250 zuwa 400, wanda ya isa ɗakin da ke da labule. Allon kasuwanci na cikin gini yana tsakanin 350 zuwa 700. Wanda zai fuskanci rana ta bayan gilashi yana bukatar 2,500 ko fiye, na waje tsantsa kuwa, mai tsayawa a bakin titi, sai 5,000 zuwa sama. Talabijin ɗin Alhajin nan, ko da tabon bai fito ba, mai wucewa da rana fuskarsa kawai yake gani a gilashi kamar madubi. Watanni ya yi yana biyan kuɗin wuta a kan tallar da ba wanda ke iya karantawa sai bayan magariba.

Sai kuma sa'o'in aiki. A takardar allon kasuwanci za ka ga an rubuta 16/7 ko 24/7, ma'ana an gina shi ya yi awa 16 ko 24 a kunne kowace rana, kwana bakwai a mako. Talabijin ta gida an ƙera ta ne da tunanin za a kalle ta wasu 'yan awanni a kashe ta ta huta. Ƙofofin iskar da ke bayanta an tsara su ne domin zafi ya fita ta sama in tana kwance yadda aka saba, in ka tsayar da ita sai zafin ya taru a gefe guda. Da yawa daga cikinsu in wuta ta ɗauke ta dawo sai su zauna shiru suna jiran rimot, alhali allon kasuwanci kansa yake tashi ya ci gaba daga inda ya tsaya, ana kuma iya kulle maɓallansa da tsara masa lokacin kunnawa da kashewa. Abin da ya fi ba Alhajin takaici shi ne da ya ɗauko takardar garanti muka karanta tare, muka ga an rubuta cewa ba ta shafi kayan da aka yi amfani da shi wajen kasuwanci ba. Haka yawancinsu suke. Allunan kasuwanci kuwa galibi garantin shekara uku suke zuwa da shi. Araha ba ta ado, kuma a nan ma ba arahar ba ce, tunda sau biyu ya saya.

Duk da haka, amana ta sa in faɗa cewa ba kowa ne ke bukatar mai tsadar ba. Wanda zai rataye allo a cikin ɗaki, nesa da rana, a kwance, ya kunna awa takwas ya kashe, talabijin ta gida za ta iya yi masa shekaru. Na sha faɗa wa mutane haka, kuma na sha rasa riba saboda haka, ban kuma yi nadama ba. Laifin shi ne a sayar wa mutum abu ba tare da an je an tsaya a wurin da za a kafa shi da tsakar rana an ga inda haske yake faɗuwa ba.

Manyan allunan nan na bakin titi da jikin bene wani iri ne daban. Ba gilashi ɗaya ba ne, dubban ƙananan fitilun LED ne, ja da kore da shuɗi, a jere a kan fale-falen da ake haɗawa kamar tayil har a kai girman da ake so. Jar fitilar tun 1962 Nick Holonyak ya samar da ita a Amurka, amma sai da aka jira shekara 30 kafin a samu shuɗiya mai haske sosai, wadda Shuji Nakamura ya fito da ita a Japan a 1993. Ba shuɗi, ba fari, ba cikakken launi. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Duk allon da ka gani yau yana nuna fuskar mutum da launinta na gaskiya a gefen hanya, albarkacin wannan shuɗiyar fitila ne. Daga nan abin ya yi ta girma. A Piccadilly da ke Landan, a 2017, an cire tsofaffin alluna shida aka maye gurbinsu da ɗaya mai faɗin murabba'in mita kusan 780. A Las Vegas kuwa, ginin Sphere da aka buɗe a 2023 gaba ɗaya jikinsa ta waje allo ne, wajen murabba'in mita 54,000.

Irin waɗannan hotuna ne masu saye ke nuna min a waya suna cewa irinsa suke so. Sai in tambaye su, daga ina mutane za su tsaya su kalla? A irin wannan allo akwai lamba da ake rubutawa da harafin P, kamar P2.5 ko P4 ko P10, wadda ke nuna milimita nawa ne tsakanin fitila da 'yar'uwarta. Ƙa'idar da muke aiki da ita mai sauƙi ce: lambar nan ita ce kusan mita nawa mai kallo zai ja baya kafin ɗigo-ɗigon su haɗe su zama hoto. P10 a saman bene ya yi kyau ga wanda ke tsallaken titi, amma ka sa shi a bayan teburin karɓar baƙi sai mutum ya ga kamar ta rariya yake leƙe. Shi kuma wanda ya sayi P2.5 ya ɗora a inda mafi kusancin mai kallo mita 30 ne, ya biya kuɗin fitilun da ido ba zai taɓa bambancewa ba. Na waje kuma a duba a ga an rubuta IP65 ko fiye, shida ɗin na nufin ƙura ba ta shiga, biyar ɗin na nufin yana jure feshin ruwa.

To, ranka ya daɗe, duk wannan da na lissafa na'ura ce, kuma matsalar na'ura tana da sauƙi, a canza ta a huta. Abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa, wani ne daban.

Akwai wani asibiti mai zaman kansa, ba zan kama suna ba, da na kafa wa alluna biyu a ɗakin jira domin nuna ranaku da lokutan da kowane likita ke zama. Aiki ya yi kyau, kowa ya yaba. Bayan wata takwas suka kira ni in ƙara na uku a wani sashe. Ina zaune ina jiran wanda zai nuna min wurin, sai na lura da wani dattijo a kujerar gaba, katinsa a hannu, ya tsura wa allon ido. Duk lokacin da jadawalin ya zagayo sai ya miƙe zaune ya karanta a hankali yana motsa leɓe, sannan ya duba agogonsa. Allon yana cewa likitan ido na zama ranar Talata daga ƙarfe 10. Ranar Talata ce, kuma sha biyu ta wuce. Can sai ya tsayar da wata ma'aikaciyar jinya ya tambaye ta. Ta ce, "Ayya Baba, ai likitan nan ya bar mu tun watanni huɗu, yanzu ranar Alhamis ake ganin masu ciwon ido." Ya nuna allon da katin hannunsa ya ce, "Amma 'yata, ga shi can a rubuce." Ta ɗaga kai ta duba, kuma daga yanayin fuskarta na gane cewa ta daɗe ba ta kalli allon ba, ko da yake kullum a ƙarƙashinsa take wucewa. Dattijon bai yi faɗa ba. Ya ninke katinsa ya sa a aljihu, ya dogara sandarsa ya fita.

Na bincika, sai na tarar yaron da na koya wa yadda ake canza rubutun ya bar aiki, kuma ya tafi da kalmar sirrin a kansa. Ba wanda ya nema, ba wanda ya ga aikinsa ne ya nema. Gyaran bai kai ni minti goma ba. Amma na yi kwanaki abin yana cina, domin ni na kafa allon, ni na sa masa hasken da ya sa dattijon nan ya yarda da shi.

Ga abin da na fahimta tun daga ranar. Takardar da aka manna a bango tana tsufa a gaban idon kowa. Ta koɗe, gefenta ya nannaɗe, ƙura ta hau ta, duk wanda ya gan ta ya san ta kwana biyu, sai ya tambaya kafin ya dogara da ita. Allo ba ya nuna shekarunsa. Sanarwar bara da ta yau duk haske ɗaya suke fitowa da shi kowace safiya, tsaf-tsaf kamar yanzu aka rubuta. Mutane kuma sun saba cewa abin da ke kan na'ura sabo ne. Saboda haka allon da aka yi watsi da shi yana yin ƙarya da muryar mai gida, kuma ana yarda da shi. Na ga rangwamen da ya ƙare tun wata bakwai yana ta yawo a kan allo, mai saye yana jayayya da yaron kanti har rai ya ɓaci, kuma mai sayen ne ke da gaskiya. Na ga lambar wayar da aka daina amfani da ita, na ga lokacin buɗewa da aka canza tuntuni. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allon da ke kashe ya fi irin wannan alheri, domin shi aƙalla bai ɓatar da kowa ba.

Yanzu duk wanda ya zo min, kafin mu yi maganar inci ko nit, tambayata ita ce wa zai riƙa kula da shi. Ba na karɓar amsar "yaran nan za su yi". Ina so in ji mutum ɗaya takamaimai, da na biyunsa in ba ya nan, da ranar da zai riƙa zama ya duba duk abin da allon ke faɗa daga farko har ƙarshe. Kalmar sirri kuma a rubuta ta a ajiye wurin mai gida, a canza ta duk ranar da wani ya bar aiki. Kusan duk manhajar da ake sarrafa waɗannan alluna da ita, ko MagicINFO ta Samsung, ko wadda ke tafiya da webOS na LG, ko akwatin BrightSign, ko Xibo da ake samu kyauta, tana ba ka damar sa wa kowace sanarwa ranar da za ta sauka da kanta. Daƙiƙa goma ake yi a cike gurbin nan, amma da wuya in tarar an cike shi. Mai saye kuma ya tambaya tun farko ko manhajar ta biyan wata-wata ce a kan kowane allo, da abin da zai faru ranar da ya daina biya, domin na ga alluna lafiyayyu sun zama baƙin gilashi saboda wannan kawai. Wanda allonsa ɗaya ne tak, sau da yawa filashi ɗaya da za a soka a baya ya ishe shi.

Shi kansa abin da ake rubutawa akwai magana. Mai gida yana so ya zuba komai, sunan kamfani da tarihinsa da kaya 40 da lambobin waya uku, duk a shafi ɗaya, rubutu yana gudu daga dama zuwa hagu. Mai wucewa kuwa kallo ɗaya zai yi, in ya yi yawa daƙiƙa biyu ko uku. Ni yadda nake gwadawa shi ne in kama hannun mai gidan mu fita mu tsaya inda mutane ke tsayawa, in ce ya karanta da ƙarfi. In shafin ya wuce kafin ya gama, to rubutun ya yi yawa. Girman harafi kuwa muna ba da kusan santimita biyu da rabi ga kowace mita uku ta nisa. Masu rubutu da Hausa kuma su gwada haruffanmu masu lanƙwasa tun kafin su biya, domin akwai salon rubutun da bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ya fito da ɗan akwati fanko a gurbinsu, ko ma'aikaci ya gaji ya cire lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa. Sauti kuma, ina roƙo a tausaya wa ma'aikacin da zai wuni a gefen allo yana jin talla ɗaya sau ɗari uku. Daga ƙarshe shi ne zai zare wayar, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Akwai kuma abin da mutane ke mantawa, cewa bayan kowane allo kwamfuta ce, kuma duk abin da ke samun kwamfuta yana samunta. A watan Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta bazu a duniya, allunan tashoshin jirgin ƙasa a Jamus sun riƙa nuna saƙon masu neman kuɗin fansa a maimakon lokutan tafiya. A Satumba na 2018 filin jirgin sama na Bristol a Ingila ya koma rubuta lokutan tashin jirage da hannu a kan farin allo na kusan kwana biyu. Ranar 19 ga Yuli, 2024, wani gyaran manhaja da kamfanin CrowdStrike ya aika da kuskure a ciki ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, aka wayi gari allunan filayen jirgin sama a ƙasashe da dama sun zama shuɗi, suna nuna saƙon kuskure. Mafi muni a wurina shi ne na Jakarta a 2016, inda wani ya kutsa cikin babban allon bakin titi ya sa hotunan batsa, jama'a na cikin cunkoson motoci, manya da yara. In manya masu ma'aikatan tsaro sun faɗa, ina ga ƙaramin ɗan kasuwan da har yau kalmar sirrin allonsa ita ce wadda ta zo da shi daga masana'anta, kuma ramin filashi yana buɗe inda hannun kowa zai kai? Sunan mai gida ne a saman allon, shi za a tuhuma da duk abin da ya fito a kai.

Ina da ƙorafi kuma a kan mu masu kafawa, game da maƙwabta. Allon da aka ƙure wa haske domin ya yi gogayya da rana, in dare ya yi ba a rage shi ba, azaba ne ga wanda tagar ɗakinsa ke fuskantarsa, kuma haɗari ne ga direban da zai fito daga duhu ya ci karo da farin haske a ido. Akwai ɗan ƙaramin abin auna haske da ake haɗawa wanda ke rage shi da kansa in rana ta faɗi, ba shi da tsada, yana rage kuɗin wuta, yana kuma ƙara wa fitilun kwana. Rashin sa shi sakaci ne kawai. In masu sana'a ba su kame kansu ba hukuma ce za ta kame su, kuma an gani. Birnin Sao Paulo na Brazil ya yi doka a 2006 wadda ta sa aka sauke allunan talla wajen 15,000. Faransa kuma tun Oktoba na 2022 ta wajabta kashe tallace-tallace masu haske daga ƙarfe 1 zuwa 6 na asuba a faɗin ƙasar, in ban da wurare kamar filayen jirgin sama da tashoshi. Haka batun kyamarar da ake ɓoyewa a jikin wasu alluna domin ƙirga masu kallo da kintata shekarunsu. A 2020 hukumomin kare sirrin jama'a a Kanada sun gano cewa an ɗauki hotunan fuska kimanin miliyan 5 ta irin wannan hanya a manyan kasuwanni 12 ba tare da yardar masu su ba. Ni dai ba na kafa kyamara a allo sai an rubuta a fili cewa tana nan.

Kuma kowane allo yana da ajali. Fitilar bayan LCD galibi ana ƙiyasta mata awa 50,000, wanda in ba a kashewa dare da rana bai kai shekara shida ba. Bayan nan ina za a kai shi? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tarkacen kayan lantarki, kuma abin da aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Shi ya sa in sanarwar mutum ba ta canzawa sai sau biyu a shekara, nakan ce masa ya je wurin mai rubutun allo da fenti. In kuma rubutu ne kawai ba hoto mai motsi ba, akwai allon takardar lantarki, irin wanda ake sa wa a jikin kantocin manyan kantuna, wanda ba ya shan wuta sai lokacin da ake canza rubutun.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka tura ɗaya daga cikin wakilanka ya yi yini guda yana shiga wuraren da ke da irin waɗannan alluna. Ya tsaya gaban kowane ɗaya har sanarwar ta zagayo, ya rubuta abin da yake faɗa, sannan ya je wurin ma'aikacin da ke kusa ya tambaye shi ko haka abin yake a yau, da kuma sunan wanda ke da alhakin canza shi. Ya ƙirga nawa ne ke kashe, nawa ke nuna saƙon kuskure, nawa ke faɗin abin da ya wuce, ya buga mana abin da ya samu. In yana bukatar wanda zai raka shi ya riƙe masa tsani ya nuna masa bayan allon, a shirye nake.

Wassalam.

Naka,
Mai kafa allunan talla, kuma mai karanta jaridarka